Yadda ake tsara labarin ban tsoro na 'yan fasa-ƙwauri domin wasan zaman tabarma

Wasan da zan yi bayani a kansa bai yaɗu ba tukuna a Garwa ta ƙasar Kamaru, saboda haka zan fara da siffanta shi a taƙaice. Mutum huɗu ko biyar ne suke zama, ɗaya ya zama jagora, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labarin ya zama bakinsa. Jagora yana bayyana wuri da abin da ke faruwa, 'yan wasa suna faɗin abin da mutanensu za su yi, idan kuma abu ya zo da shakka sai a jefa ƙwayar ludo ta raba gardama. Ba a zuba ko dala, babu kuma wanda yake cin wani, don haka kada ƙwayar ta sa a ɗauka caca ce. Tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da hannu a cikinta.

An fara sayar da irin wannan wasa a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. A 1981 kamfanin Chaosium ya fitar da Call of Cthulhu na Sandy Petersen, wanda aka gina shi kacokan a kan tsoro da bincike, kuma yawancin labaransa suna faruwa ne a shekarun 1920. Wannan ya zo daidai da zamanin da aka haramta sayar da giya a Amurka, daga 1920 zuwa 1933, har gungun masu fasa-ƙwaurinta suka yi ƙarfi a birane irin su Shikago, shi ya sa tun da daɗewa masu sha'awar wasan suke haɗa labarin 'yan daba da na dodanni. Da yawa daga cikinsu suna rubuta nasu labaran, wasu su raba kyauta, wasu su sayar ta Miskatonic Repository, kafar da Chaosium ya buɗe wa masoya a shafin DriveThruRPG. Mu dai ba sai mun aro Shikago ba. Wanda ya taɓa ganin kwalaben zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, jere a bakin titi, ya kuma san cewa fetur ɗin bai zo da ƙafarsa daga Najeriya ba, yana da kayan aiki a hannu.

Abu na farko shi ne zaɓen wuri, kuma shawarata ita ce ka matse shi. Sabon marubuci yakan so labarinsa ya tashi daga Ngaundere ya bi Garwa da Marwa har ya ƙetare gadar Ngeli zuwa Njamena, amma zaman sa'a uku ko huɗu ba ya ɗaukar wannan tafiya. Wurare biyar sun isa, kuma ya kasance ana iya zagaya su da babur a dare ɗaya. A labarin da zan riƙa kawo misali da shi, wanda na sa wa suna "Jarka ta 41", wuraren su ne wani mashigi a bakin Binuwai inda kwale-kwale yake tsayawa, da tsohon sito mai ƙofar kwano, da teburin mai shayi, da gidan maigidan harkar, da bukkar wani tsohon masunci. Ga kowane wuri ka rubuta layi uku kawai: abin da ido zai fara gani, abin da hanci ko kunne zai kama, da abin da ke ɓoye. Kogin da garin na gaskiya ne, amma siton da gidan da mutanen duk ƙirƙira ce, kuma haka ya kamata su kasance, domin ba a ɗauko gidan wani ko sunan wani a liƙa masa laifi da sunan wasa.

Daga nan sai ka zo ga matakin da na fi ba wa muhimmanci, wato amsa tambayar me ya sa waɗannan mutane ba za su gudu ba. Duk labarin ban tsoro yana fuskantar wannan matsala, domin mai hankali idan ya ga abin da ya fi ƙarfinsa yakan yi ihu, ko ya kira maƙwabta, ko ya nufi ofishin jandarma. A nan ne duniyar masu laifi take sauƙaƙa wa marubuci aiki. Wanda yake ɗauke da lita dubu ta fetur ɗin da bai bi ta hannun 'yan duwan (kwastan) ba, ba shi da bakin kai ƙara, ba zai iya tashin maƙwabta ba tare da an tambaye shi abin da yake yi a bakin ruwa da ƙarfe biyun dare ba, ko mahaifiyarsa ma ba zai iya gaya mata ba, tunda ita ta san lebura yake yi a kasuwa. Ƙofofin da kowa yake da su, shi nasa a rufe suke, kuma da hannunsa ya rufe su. Amma rufe ƙofa kaɗai ba ya isa, sai an ɗaure shi da igiya, igiyar da ta fi kowace ƙarfi kuwa ita ce bashi. Ka sa kowane ɗan wasa ya shigo labarin maigidan yana bin sa wani abu takamaimai. Wannan an biya masa kuɗin asibitin ƙanwarsa, wancan an saya masa babur ɗin da yake acaɓa da shi bai gama biya ba, na uku an taɓa fito da shi daga hannun hukuma, na huɗu kuma bashin mahaifinsa ya gada. Ka rubuta adadin da sefa, ka rubuta ranar biya. Na lura 'yan wasa suna iya yi wa aljani dariya, amma da zarar jagora ya ce saura kwana uku a zo karɓar babur, sai ka ga fuska ta canza, domin wannan tsoro ne da kowa a kan tabarmar ya san ɗanɗanonsa.

Sai abin tsoron kansa. Rumbunmu cike yake: akwai 'yan ruwa, akwai fatalwa, akwai tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana, akwai kuma kayan da aka san ɓarayi da 'yan tauri da nema, irin su layar zana da baduhu da sagau. Kuskuren da ake yi shi ne kwaso su gaba ɗaya a zuba a labari guda. Ka ɗauki ɗaya, kuma ka tabbata ya tsiro ne daga cikin laifin da ake aikatawa, ta yadda idan aka cire laifin shi ma ba zai tsaya ba. A "Jarka ta 41" ana loda jarka 40 masu lita 25 a can ƙasa, a hauro da su ana tunkarar ruwa, tunda Binuwai daga wajenmu yake gangarawa Yola har ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Idan aka sauke aka ƙirga, sai a sami 41. Gaskiyar da ke ƙarƙashi, wadda jagora kaɗai ya sani, ita ce wata damina da ta wuce an biyo kwale-kwalen, ya yi nauyi, maigidan ya zaɓi ya rage mutum maimakon ya rage kaya, aka tura ƙaramin yaron da aikinsa shi ne ƙirga jarka cikin ruwa. Tun daga ranar kogin yake mayar da nauyin da aka ba shi.

Abin tsoro yana bukatar ƙa'ida, kamar yadda dara take da tata, domin idan zai iya yin komai a kowane lokaci, 'yan wasa za su daina tunani su zuba ido kawai. Ƙa'idoji uku sun wadatar. A nawa labarin, abin yana bin wanda ya yi ƙirga na ƙarshe da bakinsa, ba ya matsowa sai bayan isha'i, kuma ba ya sakin mutum sai wani ya sake ƙirgawa ko kuma an biya ainihin haƙƙin. Daga ƙa'idar farko ne labarin duka ya fito: tsofaffin yaran maigidan ba sa ƙirga kaya da baki, kullum sabon yaro ake ɗauka ya yi, kuma wannan ne dalilin da aka ɗauki 'yan wasanmu aiki da farashi mai kyau haka. Lokacin da suka gano wannan da kansu, shi ne ƙololuwar daren, ya fi duk wata siffar dodo da zan iya karanta musu. A ganina ma gara kada a nuna abin gaba ɗaya. Sawun ƙaramar ƙafa a jiƙe a kan busasshen siminti ya fi fuska mai haƙora aiki.

Idan ka sami wannan, ka zauna ka rubuta shafi guda na gaskiyar al'amari, daga abin da ya faru a baya zuwa daren da wasa zai fara, a jere kuma a fili, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wannan shafi na jagora ne. Abin da ba za ka rubuta ba shi ne abin da 'yan wasa za su yi, domin ba ka sani ba, kuma duk wanda ya rubuta "sai su shiga siton su buɗe jarkar" zai wayi gari su sun ce gidan maigidan za su fara zuwa. Kai dai ka shirya halin da ake ciki da abin da kowa yake so, su kuma su kawo tafiyar.

Mutanen da jagora zai yi magana da bakinsu kada su wuce shida. Kowane ka ba shi abin da yake so, da abin da yake ɓoyewa, da wata ɗabi'a guda da jagora zai iya kwaikwaya yana zaune. Maigidan nawa ba ya ɗaga murya, yana kiran kowa "ɗana", yana tambayar lafiyar iyayenka ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kuma wannan gaisuwar ita ce barazanar. Babban yaronsa idan aka zo maganar lamba sai ya nuna da yatsu. Mai shayi ya san komai amma ba ya faɗa sai an zauna an sha. Tsohon masuncin ba ya karɓar kuɗi daga hannun da ke warin fetur. Akwai kuma mahaifiyar yaron da aka tura, wadda har yanzu an bar ta a kan cewa ɗanta ya tafi ci-rani kudu, tana kuma zuwa bakin mashigin tana tambayar masu kwale-kwale. Ita ce mutumin da ya kamata ka fi ɓata lokaci wajen rubutawa, ko da kuwa magana biyu za ta yi.

Game da alamomin da za su kai 'yan wasa ga gaskiya, a nan na taɓa ƙonewa. Karon farko da na jagoranci labarin, na sa duk sirrin a cikin littafin lissafi da ke kulle a akwatin ƙarfe a siton. Aka jefa ƙwaya domin buɗe akwatin, ta ƙi, aka sake, ta ƙi. Muka yi kusan sa'a guda suna zagaye, shayi ya huce, har ɗan yayata da yake wasa a matsayin ɗan acaɓa ya ce, "Kawu, ko dai mu mayar masa da babur ɗinsa mu je mu kwanta?" Laifin tsarina ne. Akwai shawarar da marubuci Justin Alexander ya yi suna da ita, cewa duk wata gaskiya da kake son 'yan wasa su gano, ka ajiye mata alama uku a wurare dabam-dabam, saboda za su wuce ta farko, su yi wa ta biyu mummunar fahimta, su kama ta uku. Tsarin GUMSHOE na Robin D. Laws ya ma ƙara gaba, inda alamar da labari ba zai tafi ba sai da ita ba a jefa mata ƙwaya sam, duk wanda ya duba inda ya dace da gwanintar da ta dace ya same ta. Yanzu gaskiyar cewa mai ƙirga ake bi tana cikin littafin lissafin, inda rubutun hannu yake canzawa bayan kowace tafiya, tana bakin mai shayi da zai lissafo yara uku da suka yi aikin suka ɓace, tana kuma cikin halin babban yaron da yake toshe kunne idan an fara "ɗaya, biyu". Ka ɗauki takarda ka rubuta gaskiyoyin a gefe ɗaya, alamomin a ɗaya gefen, ka ja layi tsakaninsu. Duk gaskiyar da layinta bai kai uku ba, da sauran aiki.

Bayan alamomi sai matsin lokaci. Wasan Blades in the Dark na John Harper, wanda ya fito a 2017 kuma shi ma labarin gungun masu laifi ne a birni mai fatalwa, ya yaɗa wata dabara mai sauƙi: a zana da'ira a raba ta gida huɗu ko shida ko takwas, a riƙa cike gida ɗaya duk lokacin da haɗari ya matso. Ina amfani da da'ira biyu masu gida shida, ina kuma ajiye su a tsakiyar tabarma kowa yana gani. Ta farko ta kogi ce: sawu a jiƙe, sai shayi ya fara ɗanɗanon laka, sai a ji ƙaramar murya tana ƙirga a bayan ƙofa, sai mai ƙirgan ya farka tufafinsa sharkaf, sai ya fara tarin ruwa, gida na shida kuwa ba sai na faɗa ba. Ta biyu ta mutane ce: 'yan acaɓan da suka sayi fetur daga jarkar da ba ta cikin lissafi baburansu sun mutu sun zo neman kuɗinsu, magana ta kai kunnen maigida, yaransa sun fara zagayen gidajen 'yan wasa, har zuwa ranar da jandarmomi za su tsaya a ƙofar siton. Amfanin da'ira biyu shi ne duk abin da aka yi domin rage gudun ɗaya yakan ƙara wa ɗayar. Wanda ya tafi wajen masunci neman mafita ya bar kaya babu mai gadi.

Ƙa'idar ƙwaya kada ta yi yawa. Call of Cthulhu yana amfani da ƙwayoyi masu fuska goma domin fitar da lamba daga 1 zuwa 100, amma samun irinsu a nan sai an yi saƙo, alhali ƙwayar ludo tana kowane gida. Ka ari tsarin da Apocalypse World ya fito da shi a 2010: a jefa ƙwaya biyu a haɗa, a ƙara ɗaya ko biyu idan abin yana cikin gwanintar mutum. Goma ko fiye, an yi nasara. Bakwai zuwa tara, an yi nasara amma da hasara, wato an buɗe akwatin amma wani ya ji ƙarar. Shida zuwa ƙasa, abu ya ɓaci, jagora ya cike gida a da'ira. Ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36, shida daga ciki suna ba da goma ko fiye, 15 suna faɗawa tsakiya, 15 ƙasa, ka ga ke nan nasara mai tsabta ba ta cika zuwa ba, wanda kuwa shi ake so a irin wannan labari. Domin auna firgici, ƙaramin wasan Cthulhu Dark na Graham Walmsley yana da hanya mai kyau: kowa ya fara da 1, idan ya ga abin razana ya jefa ƙwaya ɗaya, in ta wuce lambarsa a ƙara masa ɗaya, wanda ya kai 6 hankalinsa ya gushe. Ana hawa da sauri da farko, sannan a riƙa jan ƙafa a 4 da 5, kuma wannan jan ƙafar shi ne daɗin.

Ka shirya wa 'yan wasa mutanensu tun kafin zama, kowa a rabin takarda: laƙabi, sana'ar rana, gwaninta biyu, bashin da ake bin sa, mutum guda da ba ya son ya san halin da yake ciki, da sirri guda game da wani ɗan wasan. Kada ka mayar da su jarumai. Masu ƙaramin ƙarfi ne da suka shiga abin da ya fi su, ba kuwa sai ka cika takardar da bayanin yadda ake kauce wa shinge ko yadda ake haɗa makami ba, domin labarin ba ya bukatarsa, kuma ba abin da muka zauna koya ke nan ba.

Kafin a fara wasa, jagora ya tambayi kowa abin da ba ya son a taɓo. A yankinmu wannan ba ƙawa ba ce. Akwai gidajen da 'yan fashin hanya, waɗanda ake kira zargina, suka taɓa, akwai waɗanda aka yi garkuwa da nasu, akwai waɗanda rikicin Arewa Mai Nisa ya raba da garuruwansu, kuma mai yiwuwa ɗayansu yana zaune kusa da kai bai taɓa faɗa ba. Ni ba na gina wasa a kan harin da ya faru da gaske, ba na sa ayoyi ko addu'o'i su zama kayan jefa ƙwaya, ba na kuma jingina maita ga wata ƙabila ko unguwa, tunda mun san inda irin wannan zargi yake kai mutane a zahiri. John Stavropoulos ya ƙirƙiro dabarar ajiye kati mai alamar X a tsakiya, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa, a tsallake wurin ba tare da an nemi dalili ba. Murfin kwalba ma yana yin wannan aiki.

Ƙarshen labarin kada ka rubuta guda ɗaya. Ka rubuta ƙofofin fita uku ko huɗu, kowace da farashinta. Za su iya ɗauko wani sabon yaro ya ƙirga, su tsira, su zama irin maigidan. Za su iya yi wa maigidan dabara har ya ƙirga da bakinsa, abin da yake da wuya tunda ya fi kowa sanin ƙa'idar. Za su iya zuwa wajen uwar yaron su gaya mata gaskiya, daga nan kuma babu makawa magana ta kai ga hukuma, su ma da nasu laifin a wuya. A ƙarƙashin kowace ka rubuta sakin layi ɗaya na abin da zai biyo baya, ka bar sarari domin ƙofa ta biyar da 'yan wasa za su fasa da kansu. A wani zama da muka yi, wata ƙanwata ta sa aka mayar da jarka 41 ɗin duka cikin kogi, ta ce bashin ruwa a biya ruwa, bashin maigida kuma a ji da shi da safe, abin da ban taɓa kawowa a raina ba.

Daga ƙarshe sai gwaji da gyara. Ka jagoranci labarin sau biyu da mutane dabam-dabam, kana riƙe da biro, kana rubuta inda aka yi shiru na gajiya da inda aka yi shiru na tsoro, domin ba iri ɗaya ba ne. Sannan ka miƙa rubutun ga wani ya jagoranta kana gefe ba ka ce uffan ba, duk inda ya tsaya yana juya takarda, nan ne rubutunka bai fito ba. Wajen tsara shi domin rabawa, ka fara da shafin gaskiyar al'amari, sai mutane, sai wurare da alamominsu, sai da'irori, sai ƙofofin fita, takardun 'yan wasa su zo a baya yadda za a iya buga su dabam. Shafi takwas zuwa goma ya isa zama ɗaya. Da yake tabarmarmu takan haɗa mai jin Hausa da mai jin Fulatanci da wanda ya fi sakewa da Faransanci, yana da kyau bayanin wurare ya zama gajere yadda jagora zai iya juya shi nan take. Idan kuma ka yi amfani da ƙa'idojin wani kamfani kana son sayarwa, ka karanta sharuɗɗan lasisinsa tukuna, ka rubuta a shafin farko mutum nawa labarin yake ɗauka, sa'a nawa, da irin abubuwan tayar da hankali da ke ciki.